Black Coffee da tambayar da ke gaban duk mai haɗa kiɗa: wa ke da faifan?

A daren 7 ga watan Oktoban 2023, wani mutum ɗan shekara 47 ya hau dandamalin Madison Square Garden da ke birnin New York, zauren da ke ɗaukar kusan mutum dubu 20. Ba ya rera waƙa, ba ya kuma taka rawa. Yana tsaye ne a bayan teburin na'urori, hannun hagu cikin aljihu kamar yadda aka saba ganinsa, na dama kuma yana murɗa maɓallai. Sunansa Nkosinathi Maphumulo, amma duniya ta fi saninsa da Black Coffee. Shi ne DJ na farko daga Afirka ta Kudu da aka shirya wa taro na kansa a wannan zaure, wanda Burna Boy ya cika a shekarar da ta gabaci wannan.

Mai karatu da ya saba ganin DJ a wajen biki, yana saka waƙoƙin wasu yana kiran sunan ƙawayen amarya, zai iya tambaya: me mutum zai yi da na'urar saka waƙa har dubban mutane su sayi tikiti don su kalle shi? Tambayar tana kan hanya. Amma abin da ya ja hankalinmu ga wannan mutum ya wuce cikar zaure. Kusan shekara ashirin ke nan yana fitar da kiɗa da sunan kamfaninsa na kansa, Soulistic Music, a cikin sana'ar da ta daɗe tana cin guminta a kan baƙaƙen makaɗan ƙasarsa. Yadda ya yi hakan, da abin da hakan ya ci masa, da kuma inda labarin ke yaudarar masu son bin sawunsa, su ne suka cancanci a tsaya a duba.

Hannun da ke cikin aljihu

An haife shi ranar 11 ga Maris na 1976 a Umlazi, wata unguwar baƙaƙen fata a gefen birnin Durban. Ya tashi a Mthatha da ke lardin Eastern Cape a hannun kakarsa, inda tatsar shanu ke cikin aikinsa na yau da kullum. A watan Fabrairun 1990, lokacin da jama'a suka fito kan titi suna murnar sakin Nelson Mandela bayan shekara 27 a kurkuku, wata mota ta kutsa cikin taron da yaron yake ciki. Ya tsira da ransa, amma jijiyoyin da ke haɗa kafaɗa da hannun hagunsa suka lalace, hannun ya daina aiki. Saura wata ɗaya ya cika shekara 14.

Aikin DJ aiki ne na hannu biyu. Ɗaya yana riƙe da waƙar da ke tafiya, ɗaya yana shirya wadda za ta biyo baya, yana daidaita saurinsu don kada mai rawa ya ji inda aka yi ɗinki. Shi kuwa sai da ya koya wa hannu ɗaya aikin biyu. Ya shafe shekaru ba ya son yin maganar raunin a bainar jama'a, don kada tausayi ya shiga gaban aikinsa. Mu ma ba za mu daɗe a kai ba.

Ya yi karatun kiɗan jazz a kwalejin Technikon Natal da ke Durban, bai kammala ba. Ya yi wa mawaƙin gargajiya Madala Kunene amshi, sannan shi da abokansa biyu suka kafa wata ƙungiya mai suna Shana. A 2003 aka zaɓe shi cikin mahalarta Red Bull Music Academy da aka gudanar a Cape Town, wani zaman horo da ke tara matasan masu haɗa kiɗa daga ƙasashe daban-daban. A 2005 ya fitar da kundinsa na farko mai suna Black Coffee. Da kwamfuta da manhaja mai sauƙi ya haɗa shi, kuma shi da kansa ya faɗa cewa da linzamin kwamfuta ya riƙa jera sautukan ɗaya bayan ɗaya.

A nan ya kamata a bambanta sana'o'i biyu da ake yawan haɗawa. Furodusa shi ne mai ƙirƙirar kiɗan a situdiyo: ya jera ganguna, ya ɗora sautin fiyano ko jita, ya gayyaci mawaƙi ya ɗora murya. DJ kuma shi ne mai ɗaukar waƙoƙi, nasa da na wasu, ya saƙa su a gaban jama'a na tsawon awanni. Black Coffee yana yin duka biyun, kuma kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Waƙar da ya haɗa ita ke sa a gayyace shi, wajen taron kuma shi ne inda yake gwada sabuwar waƙa ya ga ko za ta motsa ƙafa.

Irin kiɗan da yake yi, wato house, ya samo asali ne daga gidajen rawa na baƙaƙen fata a birnin Chicago a farkon shekarun 1980, a hannun su Frankie Knuckles. Ganga ce mai bugu huɗu a jere, ba tsayawa, wajen bugu 120 a minti ɗaya. Da kiɗan ya isa unguwannin Johannesburg a shekarun 1990, matasa suka rage masa gudu, suka ɗora masa harsunansu, aka samu kwaito. Daga wannan tsatson ne amapiano ya ɓullo daga baya, wanda yanzu gangarsa ta mamaye waƙoƙin Legas. Abin da Black Coffee ya ƙara shi ne komawa ga tsofaffi. Waƙar da ta fito da shi a kundin farko sabon ɗinki ce da ya yi wa Stimela ta Hugh Masekela, waƙar shekarun 1970 a kan jirgin ƙasan da ke kwaso leburori daga ƙasashen maƙwabta zuwa mahaƙar zinare ta Johannesburg. Waƙar baƙin ciki ce, ya sa matasa suka taka rawa da ita ba tare da ya cire mata ɗacinta ba.

Sule goma

Don a gane dalilin da ya sa kafa kamfanin kai ke da nauyi a wannan ƙasa, sai a koma 1939. A shekarar ne wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga situdiyon kamfanin Gallo a Johannesburg tare da ƙungiyarsa, suka naɗi waƙar Mbube. Linda ma'aikaci ne a wajen shirya faifai cikin kwali a kamfanin. An ruwaito cewa sule goma aka ba shi ya miƙa haƙƙin waƙar. Waƙar ta ƙetare teku, Amurkawa suka sake mata riga, a 1961 ta zama The Lion Sleeps Tonight, a 1994 kuma ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai da ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a mujallar Rolling Stone a 2000, aka kai ƙara kotu, sannan a 2006 aka yi sulhu aka fara biyan magadansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya faru da Linda bai faru don rashin basira ba. Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kiɗan da baitocin, akwai kuma haƙƙin asalin naɗin da aka yi a situdiyo, wanda daga gare shi ake kwafar duk sauran. A tsarin da aka gada, kamfani ne ke biyan kuɗin situdiyo, don haka asalin naɗin nasa ne. Kuɗin da ya bai wa mawaƙi tun farko kuma tamkar bashi ne, sai an cire shi daga ɗan kason mawaƙin kafin ya ga ko sisi. Mutum zai iya shahara a gidan rediyo, waƙarsa na tashi a kowace motar haya, alhali a littafin kamfani shi ake bi.

Kwamfuta ta karya wannan ƙofa ta gefe ɗaya. Wanda ke iya haɗa kundi a ɗakin kwanansa ba ya buƙatar kowa ya biya masa situdiyo, saboda haka babu dalilin da zai sa ya miƙa asalin naɗin. Wannan ita ce damar da Black Coffee ya gani tun 2005, ya kafa Soulistic, ya riƙa fitar da kundi bayan kundi: Have Another One a 2007, Home Brewed a 2009, Africa Rising a 2012 wanda aka naɗa a filin wasa na Moses Mabhida da ke Durban tare da makaɗa 24, sai Pieces of Me a 2015. Ta kamfanin ne kuma wasu matasa irin su Culoe De Song suka fito.

Amfanin riƙe abinka ba ya bayyana a shekarar farko. A cikin Home Brewed akwai waƙar Superman da ya yi tare da mawaƙiya Bucie. Bayan shekara takwas, a 2017, Drake na ƙasar Kanada ya gina waƙarsa Get It Together a kan wannan kiɗan, kuma sunan Black Coffee ya fito ɓaro-ɓaro a jikin waƙar, kusa da na Jorja Smith. A ajiye wannan kusa da labarin Linda, wanda aka shafe shekaru ana rera waƙarsa a Amurka ana danganta ta ga wasu.

A 2020 kuma, ta hannun kamfaninsa na zuba jari Flight Mode Digital, ya sayi hannun jari a Gallo ɗin nan dai, kamfanin da aka kafa a 1926, wanda rumbunsa ke ɗauke da faifan Lucky Dube, da Ladysmith Black Mambazo, da Mahlathini da Mahotella Queens. Yaron da ya tatsi shanu a Mthatha ya shiga cikin masu gidan da aka sayi Mbube a cikinsa. Labari ne mai daɗin ji. Sai dai a ganinmu sayen ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko tsofaffin mawaƙan da ke cikin rumbun, da 'ya'yan waɗanda suka rasu, sun ga canji a abin da ke shiga aljihunsu. Baƙin mutum ya zauna a kujerar mai kamfani abu ɗaya ne, tsohuwar yarjejeniya ta canza wani abu ne daban, kuma duk mai yabon wannan ciniki ya kamata ya riƙa tambayar na biyun.

Cin gashin kai da ke da iyaka

Akwai gyaran da ya kamata a yi wa yadda ake ba da labarinsa. Ana yawan nuna shi kamar mutumin da ya ci duniya shi kaɗai, ba tare da manyan kamfanoni ba. Ba haka abin yake ba. Kundin Subconsciously na 2021, wanda ya ba shi kyautar Grammy a watan Afrilun 2022, ya fito ne ta hannun Ultra, kamfanin Amurka da Sony ke da hannu a ciki. A kundin akwai Pharrell Williams, da Usher, da Diplo. Irin waɗannan sunaye ba sa shiga waƙar mutum sai da lauyoyi, da manajoji, da masu rarrabawa a ƙasashe. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ko wannan mutumin da ya yi abin mamaki da hannu ɗaya bai ƙaryata karin maganar ba. Bambancin kawai shi ne ya je teburin ciniki da kaya a hannunsa: kundi biyar, da kamfani, da jama'ar da ke biyan kuɗi su gan shi. Wanda ya je haka abokin hulɗa ne. Wanda ya je da murya kawai ɗan aiki ne.

Ita kanta Grammy ɗin akwai abin lura a cikinta. 'Yan Afirka ta Kudu sun sha cin kyautar tun daga Miriam Makeba a 1966, amma galibi a rukunan da aka ware wa waƙoƙin gargajiya ko waɗanda Turawa ke kira kiɗan duniya, wato akwatin da ake zuba duk wanda ba nasu ba. Black Coffee ya ci tasa ne a rukunin kundin kiɗan rawa da na na'ura, inda ya kara da Marshmello da Major Lazer, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci wannan rukuni.

To daga ina kuɗin ke zuwa? Ba daga wayoyinmu ba, ko aƙalla ba mafi yawansu ba. Manhajoji irin su Spotify suna tara kuɗin masu sauraro ne a tukunya ɗaya, su raba gwargwadon yawan saurare, don haka manyan taurari ke kwashe kaso mafi tsoka. Daga 2024 ma, waƙar da ba a saurare ta sau dubu ɗaya a cikin shekara ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta. Abincin DJ yana kan dandamali ne. Tun 2017 da aka buɗe gidan rawa na Hï a tsibirin Ibiza na ƙasar Sifaniya, Black Coffee ke riƙe da daren Asabar a lokacin bazara, lokacin da masu kuɗin Turai ke tururuwa zuwa tsibirin. Sauran kwanakin kuma yana cikin jirgi.

Wannan rayuwa tana da farashinta. Mutumin da a 2010 ya yi awa 60 yana saka kiɗa a cibiyar kasuwanci ta Maponya da ke Soweto don ƙaddamar da gidauniyarsa ta tallafa wa naƙasassu, ya san abin da ake nufi da a matsa wa jiki. A watan Janairun 2024 ya ji mummunan rauni a cikin jirgin sama a kan hanyarsa ta zuwa wasa a Mar del Plata da ke Ajantina, har sai da aka yi masa tiyata. Kafin nan duniyar wannan kiɗa ta ga abin da ya faru da Avicii ɗan ƙasar Sweden, wanda ya daina yawon wasa a 2016 saboda rashin lafiya, ya mutu a Oman a 2018 yana ɗan shekara 28. Annobar korona kuma ta nuna raunin tsarin gaba ɗaya: gidajen rawa na Ibiza sun shafe bazarar 2020 a rufe, kuma duk DJ ɗin da ba shi da waƙoƙin da ya mallaka ya wayi gari ba shi da sana'a. Ma'aikacin kamfani yana da hutun jinya. Mai cin gashin kansa, ranar da ya kwanta, ranar shago ya rufe.

Akwai kuma wani nauyin da cin gashin kai ke ɗora wa mutum, wanda ba na kuɗi ba. A 2018 Black Coffee ya yi wasa a Tel Aviv, abin da ya jawo masa suka mai zafi a gida, har jam'iyyar ANC mai mulki ta fito ta nuna rashin jin daɗinta. Martaninsa shi ne shi ba jam'iyyar siyasa ba ne, aiki yake yi don ya ciyar da iyalinsa. A ganinmu wannan amsa ba ta isa ba. Ƙasarsa na cikin waɗanda suka fi kowa cin moriyar ƙauracewar da mawaƙan duniya suka yi wa gwamnatin wariyar launin fata, kuma Masekela da ya hau kafaɗarsa ya fito, shekara 30 ya yi yana gudun hijira. Mawaƙin da ke ƙarƙashin kamfani zai iya cewa tura shi aka yi. Wanda ke alfahari da cewa shi ke zaɓar inda zai je, ba shi da wanda zai jingina wa zaɓin.

Abin da ba a gani a hoton

Haɗarin labari irin wannan shi ne yana sa matashi ya ɗauka cewa kwamfuta da haƙuri sun wadatar. A kowace unguwa ta Soweto da Umlazi akwai masu haɗa kiɗa da manhaja iri ɗaya da wadda ya fara da ita, waɗanda ba za su taɓa ganin Ibiza ba. Black Coffee ya tashi a ƙasar da kiɗan house ke tashi a rediyo da motar haya da shagon aski, wato yana da kasuwa a gida tun kafin ya waiwayi waje. Ƙasar tana kuma da hukumomin da ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa daga gidajen rediyo da wuraren taro, kamar SAMRO da aka kafa tun 1961. Mallakar waƙa ba ta da amfani idan babu mai karɓo maka kuɗinta.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga ɗaya fuskar. A 1978, tun Black Coffee yana ɗan shekara biyu, Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan na'ura a Yamai da wata ogan ƙirar Italiya. Jama'ar Nijar sun shafe shekaru suna jin sautinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba. Sai a 2013, bayan shekara 35, wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin, sannan aka fara gayyatarsa wasa a Turai. Basirar tana nan tun farko. Hanyar da za ta kai ta kasuwa ce babu.

A situdiyon Kano da Kaduna da Jos ma, al'adar da aka fi sani ita ce mawaƙi ya biya mai kiɗa kuɗin aiki sau ɗaya, ya ɗauki waƙarsa ya tafi, ba takarda, wani lokaci ko sunan mai kiɗan ba a ambata. Idan waƙar ta mutu a mako ɗaya, mai kiɗa ya ci riba. Idan ta tara miliyoyin masu kallo a YouTube, shi ma sai dai ya kalla. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta taɓo har abin da ake ɗorawa a intanet, amma doka ba ta shiga ɗakin naɗi ta rubuta wa mutum yarjejeniya. Takarda mai shafi ɗaya ta isa: wa ya tsara kiɗan, wa ya rubuta baitoci, asalin naɗin na wa ne, kashi nawa kowa zai samu, kuma na tsawon shekara nawa. Lokacin rubuta ta shi ne kafin waƙar ta bar situdiyo, tun ba wanda ya san ko za ta karɓu, domin a lokacin ne kawai kowa ke da sauƙin kai.